Takalmin Sumana

Ranar Laraba suka zo, da hantsi,
motoci biyu masu hatimi a ƙofa.
Injin casa na gurnani, dusa na tashi,
mai riƙe da littafi ya ɗaga hannu, aka kashe.
Shiru ya faɗo wa Kamba kamar buhun shanshera.

Ni ina bakin ƙofa, inda na saba tsayuwa,
difloma cikin leda, ledar ta soma yagewa.
Shekara huɗu ina gaida maigadi
har ya san tarin innata,
har ya daina ce mini gobe.

"Kowa ya fito da katinsa."
Aka jera su a inuwar buhuna.
Mutum goma sha ɗaya hannunsu wayam,
na ƙarshensu Sumana, mutumin Gaya,
wanda ke jin ciwon inji tun inji bai yi kuka ba,
ya kara kunne a jikin ƙarfe
kamar ungozoma a kan ciki.

Ya ce, "Yallaɓai, mi na yi?
Kakata nan aka rufe ta, gindin giginya.
Daga ɗakina zuwa nan
ko shayi ba ya hucewa a kan babur."
Jami'in bai yi tsawa ba. Ya share gumi.
Ya ce, "Na sani, malam.
Takarda ce ba ta san kaka ba."

Doka ce, kuma ba zan ce ƙarya ta yi ba.
Mai injin rabin lada yake ba su,
don ya san bakin da ba shi da kati ba ya kai ƙara.
Mu kuwa 'yan gari muna kan benci
muna ƙirga tirelolin da ke wucewa.
Ni da bakina na faɗa a majalisa
cewa baƙi sun cinye mana tuwo.
Na faɗa, har da dukan cinya.

Bayan azahar manaja ya leƙo:
"Kai, mai leda, zo nan."
Ya nuna mini takalman roba a bayan ƙyaure,
na hagu da facin tayar keke.
Na zura ƙafa, na tarar da gurbin yatsun wani.
Sun yi mini yawa. Na cusa tsumma.

Ƙarshen wata na sayo wa inna magani,
da sukari, da sabulu sanda guda.
Ta sa albarka har muryarta ta shaƙe,
sannan ta ce, "Wa ya bar maka wurin?"
Na ce ƙarin ma'aikata aka yi.
Kuɗin kuwa, da na sake ƙirgawa a ɗaki,
rabin nan ne dai.
Ashe ba kati kaɗai ke rufe baki ba,
yunwa ma ta iya.

Sati shida, inji ya yi tari ya tsaya.
Aka kira makanike daga Birni, ya kwance, ya ɗaura, ya tafi.
Shinkafa ta taru har bakin titi.
Da dare manaja ya miƙo mini wayarsa,
bai yarda mun haɗa ido ba.
Na tada injin, na kara wayar a jikin ƙarfe,
daga can ƙetare wani ya yi shiru yana saurare.

"Boris ne," in ji shi. "Na ƙasa, ba na sama ba.
Sassauta noti na uku kafin ka taɓa bel.
Wa ke magana?"
Na faɗi sunana.
"Mai leda? Madalla. Allah ya sa ka daɗe a wurin.
Na hagun nan yana shan ruwa,
kada ka shiga kwata da shi."

Kafin in ce wani abu kuɗin wayar ya ƙare.
Injin ya tashi.
Na tsaya cikin dusa har asuba,
ƙafar dama a bushe,
ta hagu tana sanyi.