Ruwan Tsami

A Harbo, tun kafin assalatu,
Goggo Tasalla ta tace markaɗen waken suya.
Madara na tafasa a tukunya,
fara sol, ba ta da niyyar zama komai.

Ni kuwa hutu na zo daga Dutse
da littafin da ya kumbura da zane-zane.
Shekara guda ina haddar amino asid:
ƙwaya ɗaya, hannu biyu,
wannan ya saki haidirojin,
wancan ya cafe kafin ya kai ƙasa.
Nan ɗebewa, can tarawa,
in an haɗa lissafi, sifiri.

Na ce, "Goggo, kin san abin da ke cikin wake?
Abu ne da ya ranta wa kansa,
yana bi, ana bin sa,
duk a jiki ɗaya."

Ta ce, "Wannan ai Ɗanlami ne mai shago.
Littafinsa ba riba, ba faɗuwa,
amma barci ya gagare shi.
Miƙo min ruwan tsami."

Ruwan gasarar shekaranjiya ne
a jarka mai yankakken baki.
Ta ɗiba da ludayi, ta zagaya tukunya.
Na yi shiru, amma na sani:
tun ɗazu kowace ƙwaya ture 'yar'uwarta take,
ɗebewa ta yi musu yawa,
kamar mata a layin rijiya ranar da guga ya tsinke.
Tsami ya shiga yana rabon haidirojin
har ma'auni ya tsaya cak.
Ture-ture ya ƙare.
Fari ya nemi fari,
gajimare ya haɗu a tukunya,
ruwa ya ja gefe, ɗorawa-ɗorawa.

A jarrabawa lamba aka ce mu rubuta,
huɗu da rabi ko kusa da haka.
Na rubuta, na ci maki.
Goggo ba ta taɓa jin lambar ba.
Ta ɗaga ludayi na uku,
ta leƙa, ta mayar da rabinsa jarka.
"In ya zarce, ta yi tsami ta ruguje.
In ya gaza, an yi asarar wake."

Na ce, "To yaya kike gane wurin?"

Ta kwashe awara cikin ƙyalle, ta murɗe baki,
ta aza mata tsohon dutsen niƙa.
Ruwa ya bi ƙasa, kaji suka biyo shi.
Ta goge hannu da gefen zane.
"Jajjaga attaruhu, 'yar boko.
Yara sun kusa fitowa tara."