Baƙuwar Kwantena

A Aboabo, bayan kwata, kwantenata na zaune
kan bulo huɗu, kamar mai shirin tashi.
Damina ta sauka Kumasi,
funfuna ta kama kusurwar gabas.

Da takalmin sallar Azara ta fara,
ta hau katifa, ta lashi katako,
baƙi-baƙi, kore-kore, ko sallama babu.
Cikin dare ƙarfe na gumi kamar ɗan dakon Kejetia,
yarinya na tari, ni ina ƙirga sidi.

Sha bakwai. Fenti ya ce ba da shi ba.

Rabin kwalbar bilic wurin Maame Dufie.
Na ɗaure hanci da tsohon kallabi,
na dirje bango har yatsuna suka yi fari.
Gawayi a gwangwani, ƙarƙashin gado, ya sha danshi.
Sumaila mai walda ya huda mini taga, bashi,
ya ce iska ba ta karɓar haya.
Katifa a rana, in ranar ta ga dama.

Jiya na ja akwati: ɗigo uku.
To, sannu da dawowa.
Tsummana ma bai bushe ba.