Reshen Nima

Ƙarfe biyu na dare a Nima, wuta ta dawo.
Fanka ta yi tari, ta kama juyi.
Na buɗe kwamfuta a kan bencin
da Mma Azumi ke jera kwanukan ciniki da safe.

Wata bakwai rabona da tushe.
Ƙamus ne na waya, mai gyara wa mutum rubutu,
wasu samari a Kano suka dasa shi,
ni kuma na yanki reshe na kafa a Accra,
garin da kakana ya mutu yana kira Ankara.
Na zuba masa namu:
tro-tro, sidi, kenke, sunayen lungunan Mamobi.

Na buga umarnin ɗebowa.
Lambobi suka gangaro
kamar babbar kwata ranar ruwan Yuni.
An wuce ni da gyara ɗari huɗu da goma sha biyu
ina nan ina tsammanin tare muke tafiya.

Ɗebowa dai ba haɗawa ba ce.
Kaya ne a bakin ƙofa, ba a kwance ba.
Na tura aikina na jiya ƙarƙashin tabarma,
na koma babban reshe,
na ce: haɗa.

Fayil talatin suka shige salin-alin.
Ɗaya ya turje.

Kibau bakwai a sama, bakwai a ƙasa,
shinge a tsakiya.
Bisa shingen, layina: "Mma ya dawo." Daidai.
Ƙarƙashinsa, na Sagir: kuskure, a ce "ta dawo."
Har ya bar ɗan bayani, kalma uku:
an gyara jinsi.

Na'ura ba ta shiga faɗan 'yan uwa.
Ta nuna mini wurin, ta naɗe hannu.

Daga madafa na ji motsin tukunya.
Mma ta tashi jiƙa wake,
tana wanke karan dafi a duhu.
Shekara saba'in da huɗu tana magana haka,
ta yi ciniki da ita, ta yi addu'a, ta binne miji,
ba wanda ya ja mata jan layi.

Ina iya ɗaukar nasu in huta.
Ina iya rufe ƙofa, in ce reshena ya ishe ni,
in bar shi ya bushe a hankali.
Akwai ma umarnin da ke tumɓuke aikinka
ya sake dasa shi a kan nasu,
tamkar yau ka zo duniya.
Yatsana ya daɗe a kansa.

Sai na goge kibau, na ɗauke shinge,
na bar layukan biyu suna maƙwabtaka,
ɗaya da alamar Kano, ɗaya da ta Gana.
Gwaji ya gudu. Kore. Kore. Kore.
Na ɗaure, na sa hannu, na tura.

Na rubuta wa Sagir roƙon ya ja nawa:
"Ba kuskure ba ne, ɗan uwa. Tafiya ce."
Ko zai karɓa, oho.

An ce zumunta a ƙafa take.
Tawa a yatsa take, duk Asabar daga yau.

Mma ta leƙo, hayaƙi a zanenta:
"Yarinyan nan, har yanzu bai kwana ba?"