Ɗakin Sol Ashirin

Motar ƙarshe ta sauke shi da almuru,
jaka ɗaya, takalmi mai buɗaɗɗen baki,
leɓɓansa sun yi shuɗi saboda tsayin dutsenmu.
Ya ce, "Uwa, nawa ne ɗaki?"
Na ce sol talatin.
Ya juya baya yana ƙirga, sai ka ce ba na jin ƙarar tsaba.
Na ce to ashirin, amma bargo biyu ne, ba uku ba,
ruwan zafi kuma sai rana ta ga dama.

Ladislawo sunansa, ɗan bakin teku,
inda iska ke da kauri, huhu ba ya roƙo.
A nan kuwa numfashi ma sai an ci bashi.
Na dafa masa ganyen koka, ya kurɓa, ya kwanta.
Ɓerayen Masar na ta tsegumi a gindin murhu,
wai wannan ba zai kai Laraba ba.

Ya kai.

Ran nan ya hau zuwa kangon Inka,
ya dawo tun inuwa ba ta bar bakin ƙofa ba.
Kuɗin shiga, in ji shi, sun fi kwana huɗu a gidana.
Ya tsaya bayan igiya yana leƙe,
masu manyan kyamarori na ratsa shi
kamar yadda ruwa ke ratsa turke.
"Shekara uku ina tari," ya ce,
"ga ni ga tukunya, ludayi ya gaza."

Ban ba shi haƙuri ba, don ba ya ɗumama ɗaki.
Na miƙa masa fartanya.

Nemesiyo, mijina, mai kunne ɗaya da ke aiki,
ya ja shi gonarmu mai hawa-hawa,
inda dankali ke kwana bisa kan masara.
Yaron ya dafa katanga zai huta,
sai ya janye hannu, ya duba.
Dutse ya rungumi dutse, ba laka, ba siminti,
ko bakin wuƙa ba ya samun masauki.
"Wa ya gina wannan?"
Nemesiyo ya nuna sama da leɓe: "Su."
Ya ci gaba da kaftu.

Magudanar da ke bi ta ƙofar ɗakin girkina ma su ne.
A cikinta nake wanke albasa.
Ba wanda ya taɓa biyana don ya kalle ta.

Da asuba, ƙasa ta yi fari da ƙanƙara,
muka fita taka dankalin da sanyi ya kwana a kai.
Ba takalmi ake yi ba.
Ya yi ihu, lamar maƙwabta ta miƙe wuya,
ta dube shi, ta raina, ta koma kiwo.
Ya taka, ya taka, har ruwan ya fita,
har ya daina ihu ya soma dariya,
haƙoransa na kaɗawa kamar cokula a kwando.
Daren nan na ajiye bargo na uku a bakin gadonsa,
ban ce komai ba, shi ma haka.

Kwana tara ya yi.
Ya ƙirga kuɗinsa a gabana wannan karon,
saura na mota kaɗai, da na burodi guda.
Nemesiyo ya yanka masa takalmin taya,
tsohon kuwa yana nan bayan ƙofa, bakinsa a buɗe,
kamar yana da sauran magana.

Can sama bai shiga ba, har ya tafi.
Motar na karya kwana na hango shi ta taga,
ba kangon yake kallo ba,
gonar yake nema da ido.

Na shiga share ɗaki.
Barguna uku a ninke, gefe ya haɗu da gefe,
ko bakin wuƙa ba zai shiga ba.