An Ɗinke Mai Ɗinki

Shekara talatin da biyu ina taka keke
a layi na uku, Kasuwar Barci.
Na san ɗinkin da zai kai jika,
na san wanda zai ɓalle ranar biki.
Sai ga ni kwance a Unguwar Rimi,
yaron da bai kai ɗan farina ba
yana zana layi a fatar idona
yadda nake wa shadda da alli.
Ya rage abin da ya yi yawa.

Na ce wa dangi don gani ne.
Da gaskiya a ciki, amma ba duka ba.
Na gaji da jin "Hajiya, barci kike?"
alhali tun asuba nake tsaye.
Madubi ya daɗe yana nuno mini wata
da ta fi ni gajiya.

Daren farko, kumburi.
Ido biyu kamar ƙosai ya tashi a kasko.
Zulai ta naɗe ƙanƙara a tsumma,
wuta ta ɗauke tun la'asar,
ƙanƙarar ta narke ta bi kunnena.
Iya Ronke ta ji ta katanga,
ta aiko da tata a kula,
ba ta tambayi komai ba.

Matashi uku a bayana,
ina barci a kishingiɗe
kamar mai jiran mota ta cika a Kawo.
An ce kar in sunkuya.
Salla a zaune, sujada da nuni,
goshina yana kewar ƙasa.

Rana ta uku na koma karofi:
shuni, sai kore-kore,
daga baya rawaya kamar an zuba kurkur.
Jikata Hanne ta leƙo, ta ja da baya,
ta ce, "Wa ya doke ki?"
Na ce, "Ni na biya."

Ƙaiƙayi kuwa, ba a faɗa mini haka yake ba.
Kamar kiyashi ya sami sukari a ƙarƙashin zare.
Na zauna a kan hannuwana
ina sauraren ruwan Agusta a kan kwano.

Rana ta shida Sista Kuyet ta ɗauko hantsaki.
Na ce ta ba ni madubi tukuna,
in ga aikin abokin sana'a.
Ɗinki ƙanana, tazara daidai,
sai a gefen hagu, can wajen wutsiya,
ya ɗan ja zare.
Da yarona ne da ya warware.
Ta yi dariya, ta ce nama ba yadi ba ne,
shi yake ƙarasa ɗinkin da kansa.
Zaren ya fita siriri kamar gashi,
na ji shi har cikin haƙori.

A gidan suna a Malali, da baƙin tabarau,
na ji wata tana cewa, "Da girmanta."
Wata ta ce, "Abin da Allah ya yi..."
ta bar sauran a bakin kofi.
Na yi wannan hirar da kaina tun kafin su,
dare da yawa,
ban kuma gama ta ba.

Tandun kwallina yana kan taga,
kwana arba'in ba mu gaisa ba.
Hagu ya riga dama sacewa,
da safe su saɓa, da yamma su shirya.
Tabon ja ne har yanzu,
yana ɓuya a cikin ninki in na buɗe ido,
yana fitowa in na rufe.
Wato mai ganinsa
sai wanda ya same ni ina barci.

Jiya na koma shago.
Gambo ya miƙo hannu zai zura mini zare
kamar yadda ya saba.
Na ce bari.
Sau biyu na kuskure.
Na lashi bakin zaren,
na ɗaga allurar wajen ƙofa.