Waɗanda Tawada ba ta Kai Kansu ba

Gwangwanin alewa ne, tsatsa ta ci bakinsa.
Inna Tabawa ta jawo shi daga ƙarƙashin gado.
Hotuna goma sha bakwai,
gara ta riga mu zuwa, ta cire zakkarta.

Na juya na farko. A bayansa, da ajami:
Malam wane, Alhaji wane, da wane magatakardan tashar jirgin ruwa.
Mata huɗu na tsaye a gefe da ƙorai a ka,
su tawada ba ta kai kansu ba.

"Su wa ke nan, Inna?"
Ta kai hoton dab da hanci kamar mai sayen turare.
"Wannan Dudu ce ta Pitowa, mai kindirmo,
ba ta taɓa yi wa nono ruwa ba, ko shekarar fari.
Ga Yagana mai kanwa.
Lissafinta a kai yake, amma har fatake ke cin bashinta.
Wannan mai wushirya Ladidi ce,
ita ta ciyar da 'yan dako da damina
lokacin da jirage ke hawowa Binuwai har Garwa su kwashi gyaɗa.
Ta huɗun..." Sai ta yi shiru.
"Ta huɗun ni ce, kafin duniya ta taune ni."

Na ɗora waya a kan turmin da aka kife,
jan ɗigo yana ƙiftawa.
Ta ƙirga mini cibiyoyin da ta yanka a unguwar nan,
ɗari uku da wani abu,
har da na mutumin da ya hana ta magana a taron makaranta.

"To, muryar tawa ina za ta?"
Na ce, "Rumbu ne, Inna, amma ba na ƙasa ba.
Gajimare suke ce masa."
Dariya har da tari.
"Gajimare? Wanda na sani, in ya taru zuba yake yi."
Na ce abin da nake so ke nan.

Da muka zo kan daren da Ladidi ta bar gari,
ta sa tafin hannu ta rufe wayar.
"Kashe. Wannan ba na rumbunki ba ne."
Na kashe. Ta faɗa mini.
Yana nan inda ta ajiye shi.

Dare uku ina ɗora hotuna,
wuta ta ɗauke, ta dawo, ta sake ɗaukewa,
kuɗin kati na ƙarewa kamar gishiri a ruwa.
Ƙarƙashin kowace fuska na rubuta suna,
da sana'a, da unguwa,
ban rubuta matar wane ba.

Ran Laraba waya ta yi ƙara, lambar Anjamena.
Wata murya na rawa: "Mai wushiryar nan kakata ce.
Ba mu da hotonta ko ɗaya.
Ashe haka goshinta yake? Irin na 'yata."

Na miƙa wa Inna.
Ta riƙe wayar da hannu biyu kamar jaririn da ba a wanke ba.
"Ke jikar Ladidi," ta ce, "gyara zama.
Kakarki ta tafi da bashina, sefa ɗari biyu.
Na yafe. Amma sai kin ji yadda aka yi."