Akwatin Barau

Daga bayan madafa na jawo shi,
yanar gizo ta yi masa mayafi.
Shekara goma sha bakwai ke nan
tun ranar da Barau ya goyo shi a keke daga Sabon Gari,
cike da kayan injin ban-ruwa,
yana haki, yana share goshi da hula,
yana cewa, "Tasalla, bana Galma za ta san da ni."

Rani uku Galma ta san da shi.
Injin ya mutu, 'yan gwangwan suka auna shi a sikeli.
Akwatin ya zauna.
Kaza ta yi kwanci a ciki, ta fito da takwas.
Sagir ya taka shi ya sato sukari a saman kanta.
Ranar sadakar uku, da tabarmi suka ƙare,
wani baƙo da ban sani ba ya zauna a kai ya yi addu'a.

Yau na kakkaɓe shi a tsakar gida.
Ƙusa biyu sun ci tsatsa, na zare su da filaya.
Ɗanlami kafinta na Tudun Jukun ya ba ni guntun samfefa,
bai karɓi ko sisi ba, tambaya kawai ya yi:
"Inna, gado za a yi wa kyanwa?"
Na goga, na goga, har yatsuna suka ɗau zafi,
har baƙin rubutun kamfani ya dushe,
ban da harafi guda da ya kafe a kusurwa.
Na ce to zauna, kai ma ɗan gida ne.

Ragowar shuɗin fentin ƙofa ya yi kauri
kamar kunun da ya kwana a kwano.
Na ɗiga kananzir, na dama da tsinke.
Burushi babu, tsumma na ɗaura a kan kara.
Katako ya sha na fari kamar mai buɗa-baki,
na biyu ne ya tsaya a fuska.

Jikata Nusaiba ta ce a zana fure.
Ni kuwa bangon gidanmu na Kwarbai ya faɗo mini,
zanen nan da magina suka murɗa a goshin zaure,
wanda muke bi da yatsa in an aike mu
har a manta da abin da aka ce mu sayo.
Na tsoma tsinken tsintsiya a farin fenti na bi tunani.
Hannu ya yi rawa, layi ya tafi inda ya ga dama.
Nusaiba ta ce, "Kaka, wannan ai sawun tana ne."
Kafin in juyo ta danna babban yatsanta a gefe.
Ban goge ba.

Na huda gindin wuri biyar da ƙusa mai zafi,
na shimfiɗa tsohon buhu, na zuba tsakuwa,
sai baƙar ƙasa da Sagir ya ɗebo a bakin Kubanni,
da busasshen kashin awakin maƙwabta.
Ɗoɗɗoya a tsakiya.
Na'ana'a a gefe, reshe uku da Asabe ta tsinko mini,
ɗaya ya langaɓe tun a hanya,
na dasa shi haka nan, rai ba a hannuna yake ba.

Mu biyu muka ɗaga, muka kai gindin taga,
inda hantsi ke fara sauka a ɗaki.
Fenti bai gama bushewa ba, ya shafe mini zane.

Da magariba na rage ruwa a buta,
na tsiyaya a hankali, ƙasa tana sha tana ƙaramar ƙara.
Ɗigo ya biyo ta hudar, ya taru a faranti.
Barau, ga ni ina ban-ruwa,
ba fetur, ba tiyo, ba rigimar mai gona.
Ƙamshin ɗoɗɗoya da warin kananzir
suna ta gardama a ɗakin nan,
ni kuwa ina zaune, ban kunna fitila ba tukuna.